Tafiyar Da Ɗelu Ta Ɓoye

Duk ɗan Arewan da ya zauna a unguwar Wangsa Maju cikin shekarun nan ya ci abincin Ɗelu, ko ya san sunanta ko bai sani ba. Yawanci ma ba su sani ba, don Maman Afnan ake kiranta, sunan Ɗelu kuwa daga mahaifiyarta sai mijinta idan ransa ya ɓaci. 'Yar Kazaure ce, gajera, mai saurin tafiya, mai saurin fushi da saurin hucewa. Ta zo Kuala Lumpur da goyon Afnan a bayanta, biye da mijinta Malam Mika'ilu, malamin jami'a da aka turo karatun digiri na uku a wata jami'a da ke Jalan Semarak. Shekara uku aka ce musu. Afnan ta yi wayo ta shiga makaranta, ta sami ƙane Al-Amin, ƙanen ma ya shiga makaranta, Malam Mika'ilu yana nan yana gyara babi na huɗu.

Wannan babin ne ya mayar da gidansu masaukin baƙi. Tunda sun fi kowa daɗewa, duk wanda ya taso daga Kano ko Abuja lambar Malam ake ba shi, shi kuwa Malam bai iya cewa a'a ga kowa ba sai ga matarsa. Sabon ɗalibi a falonsu yake kwana har ya sami ɗaki. Amaryar da aka kawo wa mijinta a hannun Ɗelu take koyon inda ake samun manja da kuɓewa a kasuwar Chow Kit. Mai jego kunun Ɗelu take sha. Tana yi tana mita, amma a kicin take mitarta, ita da tukwanenta. Da ta fito falo sai ka ji tana cewa a ƙara mana, ai ba a ci komai ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne guzurin masu zuwa teku. Da hutu ya ƙarato, ɗaliban nan 'yan gata za su fara sintiri a ƙofarta, wai za su Langkawi, za su Tioman, za su Pangkor, kuma abincin can ba ya riƙe musu ciki. Anti a taimaka da dambun nama, Anti a taimaka da cincin, Anti yajin nan na rannan. Har ta kai Ɗelu ta san tsibiran ƙasar ta hanyar tukunya: masu zuwa Tioman tafiyarsu da nisa, mota sannan jirgin ruwa, sai a soya musu abu ya bushe ƙarau, na Pangkor kuwa ko alala aka ba su za ta kai lafiya. Su dawo sun yi baƙi, su miƙa mata waya ta ga hotuna, wannan a kan farin yashi, wancan a cikin kwalekwale yana washe baki, suna cewa, "Anti, you must go lah, wurin nan ya wuce labari." Ta ce to, ta karɓi robobinta, rabinsu babu murfi.

Ita kuwa tun da ta zo ƙasar nan da teku ya kusa kewayewa, sau ɗaya ta gan shi, ta tagar jirgin sama ranar zuwansu, shi ma ba gani ne na kirki ba don Afnan tana kwarara mata amai a jiki. Ba wanka take son yi a ciki ba, Allah ya kiyaye, matar aure da 'ya'ya. So take kawai ta hau jirgin ruwa ta zauna, wani ya dafa ya kawo mata, ta kalli ruwan har ya ishe ta. Kuma so take ta yi kafin su koma gida, don ta san daga ranar da suka koma ita da teku sai dai a talabijin.

Ba wai ba a taɓa shiryawa ba. An shirya Langkawi, Ɗelu ta gaya wa kowa har mai gadin benensu, ana jibi tafiya malamin da ke duba aikin Malam ya dawo masa da babin sharkaf da jan biro. An shirya Pangkor, ta yi kitso ta yi lalle, Al-Amin ya tashi da ƙarambau. Na ƙarshen kuwa akwatuna suna bakin ƙofa aka bugo waya wai kawun Malam yana filin jirgi ya zo ganin likita, kuma Malam ya san da zuwansa tuntuni, mantawa ya yi. Duk mai hankalin da ya dubi waɗannan zai ga hannun Malam Mika'ilu dumu-dumu a guda biyu, ɗayan kuma ciwo ne da ke kama yaran kowa. Amma da Ɗelu ta kira mahaifiyarta tana kuka, Inno ko kusa ba ta ga laifin Malam ba, suruki ne mai aiko mata da atamfa.

"Ke ce dai ba kya jin magana, Ɗelu," in ji Inno. "Yaushe aka fara shelar tafiya? Wannan ta ce kin ji daɗi, waccan ta ce ina ma ni ce. Ba sai da mugunta ba, kambun baka ne ke bin ki. In kin ƙara samun tafiya, ko filon da kike kwana a kai kada ya ji sai kin dawo."

Ɗelu ta yi karatun koyarwa, ta kuma yi Islamiyya, ta san komai da lokacinsa. Amma maganar uwa ce, kuma ta zo daidai wurin da ke ciwo, sai ta zauna mata daram. Da ta zauna ta yi tunani, sai ta ga duk tafiyar da ta rushe mutum ɗaya ta fara gaya wa, Turai.

Turai maƙwabciyarta ce ƙofa da ƙofa, 'yar Gusau, doguwa mai yawan dariya, wadda ake kira Maman Adnan. Ita ce ta ɗauki Ɗelu a 'yar motarta ta kai ta asibiti ranar haihuwar Al-Amin, lokacin Malam yana ɗakin karatu ya kashe waya. Ita ta tafasa mata ruwan wankan jego har ta yi arba'in, ita take ajiye mata makulli, ita ta san inda Ɗelu take ɓoye daddawar da aka kawo mata daga gida. Aibinta ɗaya, magana ba ta kwana a cikinta. Ba gulma take yi ba, murna ce take fin ƙarfinta, in alheri ya sami wani ta fi mai shi ɗoki. Ka gaya mata da hantsi, kafin azahar matan unguwar Setapak sun fara bugo maka waya suna taya ka murna.

To a bana Allah ya yi, Malam Mika'ilu ya kare aikinsa a gaban malamai aka ce ya ci. Bayan 'yan kwanaki ya shigo yana wani ƙasaita, ya ce ya yankar musu tikitin babban jirgin ruwan nan na yawon buɗe ido, mai hawa-hawa kamar bene. Daga Port Klang yake tashi, ya tsaya Penang, ya tsaya Langkawi, ya dawo, kwana a ciki, ci a ciki. Ranar wata Asabar ce dab da komawarsu gida, daga ita babu wata dama. Ɗelu ta zauna a hannun kujera. Malam yana jiran godiya, sai ya ji ta ce, "Wa ka gaya wa?"

Bai gaya wa kowa ba, kuma ta sa shi ya yi alkawarin ba zai gaya ba. Yaran ma ba a gaya musu ba, don Afnan da Turanci za ta je ta fesa a makaranta kafin a tashi tara. Haɗa kaya bai zama matsala ba, kowa ya san suna shirin komawa gida, akwati a falo ba abin tambaya ba ne. Matsalar tana cikin Ɗelu. Mace ce mai son ba da labari, yau ga labarin da ya fi kowanne a rayuwarta, an ce ta haɗiye. Ta dinga kallon hotunan jirgin a waya a cikin kicin, ta rage murya, in ta ji motsi ta kife wayar a kan buhun shinkafa. Ta sayi sabuwar abaya ruwan toka ta cusa ƙarƙashin zannuwan gado. Ɗalibai suka zo neman dambu za su Tioman, ɗayansu har da cewa kaico Anti za ta tafi ba ta ga teku ba. Ta dube shi, maganar ta zo har bakinta, ta mayar, ta ce ya dai dawo mata da murfi.

Ana cikin haka wata rana Turai ta shigo aron rariya, ta jingina da ƙofar kicin, ta tambaya kamar abin bai dame ta ba ko Ɗelu tana gida Asabar mai zuwa. Ɗelu ba ta daina yankan albasa ba.

"Ina za ni, Maman Adnan? Ni da ban san ko'ina ba sai Chow Kit."

"Ai na sani," in ji Turai. "Tambaya dai na yi."

Ta fita tana wani murmushi da Ɗelu ba ta gane kansa ba. Ranar Malam ya sha tuhuma har ya gaji da rantsuwa. Da ta tabbata ba daga gare shi ba ne, sai ta ƙara tsananta tsaro, ta fito da wani tsari da ita kaɗai ta ga hikimarsa. Malam zai fita da safe shi da yara da akwatuna, kamar za su kai kaya wurin masu aikawa gida. Ita za ta biyo baya da hantsi, daga ita sai jakar hannu, kamar za ta kedai, wato kantin da ke ƙasan bene. Malam ya ce wannan wane irin wahalar da kai ne, me zai hana su fita tare kamar mutane. Ta ce iyali guda da akwatuna a cikin lif ai shela ce, gara ma a yi sanarwa a masallaci. Ya yi mata kashedi cewa kafin la'asar ake rufe ƙofar shiga, kuma in an rufe an rufe, ba motar Kano ba ce da za a ce direba ya dakata Hajiya tana alwala. Ta ce ta ji, ita da ba ta taɓa makara ba sai ta dalilinsa.

Ranar Asabar komai ya tafi daidai har hantsi. Malam da yara sun fice babu wanda ya gan su. Ɗelu ta wanke kofunan shayi, ta kashe gas, ta sa sabuwar abaya, ta duba fasfo a jaka, ta yi addu'ar fita daga gida. Tana kai hannu ga ƙofa aka ƙwanƙwasa.

Turai ce, ta ci ado, makullin mota a hannu. Ta dubi Ɗelu sama da ƙasa ta tambaye ta ina zuwa da wannan kwalliya. Ɗelu ta ce babu ko'ina, abayar take gwadawa. Da jaka? Da jaka, don ta ga ko sun dace. Turai ta ce to madalla, ta faɗo daidai, ta zo ta raka ta nan Titiwangsa ta karɓo saƙo, yanzu za su dawo.

A nan ya kamata Ɗelu ta ce a'a. Amma da wane baki? Ita ce ta ce tana gida, ita ce ta ce ba ta da wurin zuwa, kuma matar da ta tafasa maka ruwan jego ba a ce mata ba za a raka ta ba. Sai ta yi lissafin cewa Titiwangsa akwai tashar jirgin ƙasa, akwai tasi, da Turai ta karɓi saƙonta za ta ƙirƙiro wani uzuri ta zame. Har ta ji daɗin dabararta a cikin mota.

Da suka isa wurin shaƙatawar da ke bakin tafki, Turai ta ja ta ta bayan wasu bishiyoyi, sai ga tabarmi an shimfiɗa, ga kuloli jere, ga matan Wangsa Maju da na Setapak da na Gombak ƙwansu da kwarkwata, kowacce da yaranta. Suka ɗauki guɗa. Walimar ban kwana ce aka shirya mata. Sun yi makonni suna ƙulla ta a ɓoye, kuma dalilin ɓoyewar, kamar yadda aka yi ta gaya mata ana dariya, shi ne sun san in ta ji za ta ƙwace tukwanen ta dafa abincin walimarta da kanta. Yau rana ɗaya suna so ta zauna a kawo mata. Turai kuwa sai rawar kai take, wai a yaba mata, karon farko a rayuwarta ta riƙe sirri bai zube ba.

Aka zaunar da Ɗelu a tsakiya a kan darduma, aka jibge mata faranti. Ranta ya kasu biyu, rabi yana son kuka don abin ya taɓa ta, rabi yana son kuka don rana tana tafiya. Ga shi kuma abincin, Allah ya ba su lada, amma wadda ta yi wainar ba ta bar ƙullun ya tashi ba, miyar taushen kuwa an tsuga mata ruwa. Ta ci tana yabawa. Wayarta ta fara kuka a cikin jaka, ta leƙa, Malam ne. Ta danne ta.

Sai aka shiga jawabai. Hajiya Sadiya, wadda ta fi su shekaru kuma take shugabantar taron matan, ta miƙe ta ce ba za ta tsawaita ba. Duk wanda ya san Hajiya Sadiya ya san in ta faɗi haka gara ka gyara zama. Ta faro tun daga ranar da ita kanta ta sauka a ƙasar, lokacin ko mai sayar da garin masara babu, ta bi matan da suka zo suka tafi ɗaya bayan ɗaya da sunayen mazajensu da abin da suka karanta, kafin ta iso kan Ɗelu inuwar bishiyar ta matsa daga kan dardumar. Bayanta aka ce kowa ta faɗi kalma ɗaya. Wannan ta tuna kunun jego ta fashe da kuka, aka tsaya rarrashinta. Waccan ta nemi yafiya a kan wata kula da ta ara tun bara. Wata amarya da ba ta fi wata biyu da zuwa ba ita ma ta miƙe, ta ce ba ta san Maman Afnan sosai ba amma ta ji labarinta, kuma ta ba da labarin kaf. Aka tsaya sallar azahar, aka dawo aka ɗora daga inda aka tsaya.

Jakar Ɗelu sai rawa take a cinyarta. Ta saci kallo ta ga saƙon Malam, an fara shiga, yara suna tambayar Mama, tana ina. Can wani saƙon ya sake shigowa, sunanta ne kawai, Ɗelu, ta san ran maza ya ɓaci. Ta ce za ta kewaya, mata biyu suka miƙe za su raka ta. Ta ce kanta ke ciwo, aka miƙo mata magani daga jakunkuna uku, har da man shafawa. Ta zauna tana murmushi, tana jin haushin Hajiya Sadiya, da amarya, da mai wainar, da Malam da ya yarda da tsarin banza don kawai an ɗaga masa murya. Kanta ne kawai ba ta kai ga jin haushinsa ba tukuna.

Turai aka bari ta rufe. Ta miƙe tana gyara mayafi, ta ce ita ba ta iya jawabi ba, abin da ta sani shi ne ta zo ƙasar nan ba ta da kowa, Allah ya ba ta 'yar uwa a ƙofar da ke kallon tata. Sannan ta ce akwai albishir. Duk sun san Maman Afnan ta yi wa kowa guzurin teku ita ba ta je ba, kuma sun daɗe suna maganar a tsakaninsu, sun ce wallahi ba za ta bar ƙasar nan haka ba. Don haka sun yi magana da mai bas, ranar Laraba za a kwashe su duka zuwa bakin teku a Port Dickson, ba nisa, a wuni a dawo, kuma ko cokali ba a yarda ta ɗauko ba.

Aka sake ɗaukar guɗa, aka ce Maman Afnan ta yi magana. Ɗelu ta miƙe. Wayar ta sake kamawa, wannan karon ba ta danne ta ba, ta bar ta tana kuka a hannunta. Ta dubi matan nan da ta yi makonni tana tsoron bakinsu, ashe duk tsawon lokacin tekunta suke ta ambato. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

"Ku yafe mini," ta ce. "Abban Afnan da yara suna Port Klang tun safe. Jirgin ruwa za mu hau, na kwana biyu. In ban tafi yanzu ba zai tashi ya bar ni."

 Hajiya Sadiya ce ta fara magana, ta ce to ai abin murna ne, me ya sa ba ta faɗa ba tun ɗazu aka bar ta tana ta zuba. Wasu suka yi dariya, wasu suka fara tattara abinci a robobi wai a yi mata tapau, wato guzuri, ta tafi da shi. Turai ba ta yi dariya ba.

"Ranar da na zo aron rariya, kin sani?"

"Na sani."

"Kika ce mini ina za ki."

"Inno ce ta ce kada in faɗa, Maman Adnan. Kin san sau nawa abin yana rushewa. Ta ce wai baki ne."

Ba ta ce bakin wa ba, kuma ba sai ta faɗa ba. Turai ta san wa ake fara gaya wa komai a gidan nan. Ta sunkuya ta ɗauki makullinta a kan tabarma, ta ce wa Hajiya Sadiya ta kula mata da Adnan. Ta ce wa Ɗelu ta taso, tasi ba zai kai ta a kan lokaci ba, ita ta san hanya.

Tafiyar Port Klang ba gajera ba ce, ranar kuwa ta ƙara tsawo. Suka faɗa cunkoso tun kafin su fita gari, sannan ruwan saman nan na rana tsaka ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Turai tana tuƙi irin wanda Ɗelu ba ta taɓa ganin ta yi ba, tana kutsawa tsakanin manyan motocin dakon kaya, idonta a kan titi. Matar da ko a layin asibiti sai ta sami abokin hira, yau ko tari ba ta yi ba. Ɗelu tana rungume da robobin waina masu ɗumi a cinya. Ta ce ruwan nan da ƙarfi yake, ba a amsa ba. Ta ce wallahi ba ta taɓa zaton Turai da mugun nufi ba, Turai ta kunna abin share gilashi ya ƙara sauri. Malam ya sake kira, Ɗelu ta ɗauka, ya fara faɗa tun kafin ta yi sallama, ta ce masa suna hanya ta kashe.

Sun isa ruwan ya tsagaita. Jirgin yana tsaye fari fat, ya fi benensu na Wangsa Maju tsawo, kuma babu kowa a layin shiga sai wasu ma'aikata da suka fara janye igiyar shinge. Can ciki Ɗelu ta hango Malam yana ɗaga hannu biyu kamar mai kiran awaki, yaran suna tsalle a gefensa. Wata ma'aikaciya ta taro ta da sauri, ta dubi robobin ta girgiza kai, ba a shiga da dafaffen abinci. Ɗelu ta juya ta miƙa wa Turai, wadda ta fito daga mota ta tsaya riƙe da ƙofa. Turai ta karɓa ta ajiye a kujerar baya. Ɗelu ta tsaya tana jiran abin da ake faɗa wa matafiyi, don ba a taɓa rabuwa a bakin hanya ba a ce Allah ya tsare ba.

"Ki yi sauri za su rufe," in ji Turai. "Addu'ar a zuci zan yi miki, kada bakina ya taɓa ki."

Ma'aikaciyar ta ja hannun Ɗelu, aka duba fasfo, aka tura ta ciki, aka rufe a bayanta. Malam ya tare ta da faɗan da ya tara tun safe, ta bi ta gefensa ta wuce kamar ba da ita yake ba. Da jirgin ya yi ƙara ya fara janyewa, mutane suka ruga gaba da wayoyinsu kallon teku, Afnan tana jan abayarta tana cewa Mama come and see. Ɗelu ta ce ta je wurin Abbanta tana zuwa. Ta zagaya baya inda babu kowa, ta kama ƙarfe, tana duba motocin da ke fita daga tashar ɗaya bayan ɗaya ko za ta gane ta Turai, har suka yi ƙanƙanta ta daina bambance su.